Shekara tara ina wannan ɗakin addu'a, yanzu na rasa ko in zauna ko in tashi

Mai neman shawara:

Salama a gare ku 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Na roƙi admin ya ɓoye sunana domin akwai waɗanda suka san ni a nan. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, na kwana biyu ban samu barcin kirki ba.

Ni mai bishara ne a wani ƙauye gaba da Dadin Kowa, in ka bar titin Biu ka bi burji. Shekara tara ke nan da aka turo ni. Ranar da na sauka da katifata da buhun masara ɗaya, masu bi bakwai na tarar, biyar mata ne, suna sujada a gindin dogon yaro a kan kututture. Da hannunmu muka buga tubalin ƙasa. Mata su ɗebo ruwa, ni da wani tsoho da yanzu ya tafi gida wurin Ubangiji mu kwaɓa. Shekara biyu muna tara kuɗin kwano, bandir ɗaya bana, rabi bayan kaka, har Zumuntar Mata ta wata ikilisiya a cikin Gombe suka cika mana bandir uku. Damina ta farko bayan mun rufa, iska ta zo da tsakar dare ta ɗage rufin gabas ta jefa shi gonar maƙwabci. Da gari ya waye, maƙwabcin nan, Musulmi ne, shi da 'ya'yansa suka ɗauko mana kwanon a ka, ya haɗa mana da ƙusar da ya ajiye don nasa ginin. Ba zan taɓa mantawa ba. Muka sake rufawa, muka yi daɓen siminti, benci goma sha biyu, yanzu har da 'yar sola mai kunna fitila huɗu. Ranar Lahadi manya sukan kai hamsin, ban da yara. Mutum goma sha tara Rabaran ya zo ya yi wa baftisma a kogin Gongola, dukansu ni na koya musu a ajin baftisma, wasu har karatun Hausa a hannuna suka iya.

Ga inda gizo ke saƙar. Alawus ɗina naira 25,000 ne a wata, kuma wata bakwai ke nan ban ga ko sisi ba. Ba na zargin kowa. Mutanena manoma ne, wani lokaci baikon Lahadi ba ya kai dubu huɗu, a ofishin gunduma kuma sun ce ba ni kaɗai ba ne. Da noma nake rufa wa kaina asiri. To tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, noman rani ya koma na mai ƙarfi, domin injin ban ruwa fetur yake sha. Daminar da ta wuce na ci bashin taki da tsada, da kaka ta yi sai farashin masara da shinkafa ya faɗi warwas. Na sayar da kusan duk abin da na samu, amma har yau mai taki yana bi na dubu ɗari da ashirin. Ga hidimar asibiti da sauran su.

Wan matata yana Mararaba, kusa da Abuja. Ya samo mini aikin kula da sito a wani shagon kayan gini, naira 90,000 a wata, da ɗaki ɗaya a bayan shagon. Mai shagon ya ce ƙarshen watan nan zai ba wani in ban je ba.

Na yi azumin kwana uku. Ran farko na buɗe Farawa 26, inda aka yi yunwa Ubangiji ya hana Ishaku gangarawa Masar. Na ce to, zama ne. Ran na uku a karatuna na safe na faɗa kan 1 Sarakuna 17, rafin Kerit ya ƙafe, aka ce wa Iliya ya tashi zuwa Zarefat. Sai hankalina ya rabu biyu. Ta yaya mutum zai gane ko wahalar da yake ciki gwaji ce da ya kamata ya jure, ko kuwa rafin ne ya ƙafe ana ce masa ya tashi? Don Allah kada a ce mini in yi addu'a kawai. Ina yi.

Baba Dattijo, Kaltungo:

Ɗana, na karanta maganarka har ƙarshe, kuma amsar tana cikinta. Ka zauna. Kira ba kwangila ba ne da za a ce wa'adi ya cika.

Ka koma littafin Rut sura ta fari. An yi yunwa a Baitalami, Elimelek ya kwashi iyalinsa ya tafi Mowab neman abinci. Shi ya mutu a can, cikin shekara goma 'ya'yansa biyu, Malon da Kiliyon, suka bi shi. Na'omi ta dawo hannu rabbana har tana cewa a kira ta Mara. Waɗanda suka zauna fa? Bo'aza bai je ko'ina ba, kuma a gonarsa aka zo kala. Ishaku da ka ambata, a cikin shekarar yunwar nan ya yi shuka ya girbe riɓi ɗari. Iliya kuma, ka duba da kyau, ba ƙafewar rafi ce ta tashe shi ba. Maganar Ubangiji ce ta zo masa. Kai maganar wa ta zo maka? Ta wan matarka.

Turawan mishan da suka zo mana Kaltungo a 1917, ƙasar kububuwa da sauro, albashin nawa suka zo nema? Iyayenmu masu bishara na farko da ƙafa suke hawa tudun Tula su sauka, gero a jaka, ba alawus ba komai. Da sun yi lissafin da 'yan yanzu suke yi, da ni da kai ba mu san sunan Yesu ba. Yohanna 10 ta bambanta makiyayi da wanda aka ɗauka aiki don kuɗi: in kerkeci ya zo, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya gudu. Mutum hamsin ɗin nan wa za ka bar wa? Wanda ya ɗora hannu a garma ba ya waiwaye. Mahaƙurci mawadaci.

Maman Godiya:

Baba, da girmanku, amma wannan maganar ta taɓa ni a inda ke mini ciwo. Maigidana shekara 26 yana aikin bishara, ƙauye huɗu muka zauna. Duk lokacin da ya ce ya gaji, irin wannan maganar ake gaya masa: ka dage, ladanka na sama. Ya dage ɗin. Hawan jini ya kama shi, kuɗin magani sai an yi karo-karo. Ranar jana'izarsa majami'a ta cika har waje, an yi jawabi an yi waƙa. Wata uku bayan haka aka aiko mini cewa sabon malami zai shigo, in fitar da kayana daga gidan. Da yara biyar. Masu ce masa ya dage, ko ɗaya bai zo da mudun masara ba. Yau ƙosai nake soyawa a bakin titi a Tunfure, da shi na sa biyu a makaranta, babban kuma ya bar karatu yana gareji.

Ban bar bin Yesu ba, kuma ba na nadamar auren mai bishara. Amma littafin da ya yi maganar makiyayi, shi ne ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, shi ne kuma ya ce a 1 Timoti 5:8 wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Me ya sa wannan ayar ba a cika karanta wa dattawa ita ba? Malam, ka tafi tun kana da ƙarfinka.

Baba Dattijo, Kaltungo:

Maman Godiya, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Abin da aka yi miki ba daidai ba ne. Amma laifin mutane ba ya soke kiran Allah.

Ɗan Billiri a Mararaba:

Malam, ni ina nan shekara shida, bari in gaya maka gaskiya. Dubu casa'in a kunnen mutumin ƙauye kuɗi ne, a nan kuwa kafin ashirin ga wata ta narke. Ruwa saye ake yi wurin mai kura, jarka-jarka. Ganyen miyar da kake tsinka a bayan gida, a nan sai ka ciro kuɗi. Ɗakin bayan shago na gwauro ne, ba za ka sa mata da yara a ciki ba, in kuma za ka kama haya, kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga na dillali. Kai dai ka yi sa'a aikinka a nan Mararaba yake, mu da muke shiga cikin Abuja ƙarfe biyar na asuba muke fita saboda cunkoson Nyanya.

Abin da ya fi ci mini rai ma mutanen gida ne. Da sun ji an ce Abuja, shi ke nan ka zama mai kuɗi. Kirsimatin bana ban je gida ba saboda kuɗin mota, ƙanen babana ya kira ni yana cewa na yi girman kai. Bai san bashi na ci na aika musu kuɗin shinkafa ba. Ni da zan samu fili a bakin dam ɗin Dadin Kowa da injin ban ruwa, gobe zan dawo.

Amma kuma in don aikin Ubangiji ne, akwai shi a nan. Daga Mararaba har Masaka sujadar Hausa cike take da mutanenmu na Gombe da Bauchi da Adamawa, masu gadi da 'yan acaɓa da masu aikin gini, kuma suna bukatar mai koyarwa. Ban ce ka zo ba, ban ce kar ka zo ba.

Mai neman shawara:

Na gode muku duka. Baba, ba don kuɗi na shiga aikin nan ba, Allah ya sani. Ina da NCE, takardar shaidar malanta, da kuɗi nake so da tuni ina koyarwa. Mama, ki yi haƙuri, na ji zafin maganarki. Sai dai mutanena ba irin waɗancan ba ne, da suna da shi da sun ba ni. Ɗan'uwa na Mararaba, ni ba mai yawan bukata ba ne, na iya zama da kaɗan.

Malama, Federal Low-cost:

Malam, sannu da aiki. Ina so in ɗan ja da Baba a kan ayoyin, cikin ladabi.

Allahn da ya ce wa Ishaku kada ya gangara Masar, shi ne ya ce wa Yakubu ɗan Ishakun, a Farawa 46, kada ya ji tsoron gangarawa Masar, zai tafi tare da shi. Yunwa ce a nan, yunwa ce a can, gida ɗaya, amma umarni biyu. Littafin Rut kuma bai ce mutuwar Elimelek horo ne don ya tashi ba, mu ne muke ƙara wannan a wa'azi. A 2 Sarakuna 8 annabi Elisha da bakinsa ya ce wa matar Shunem ta kwashi iyalinta ta tafi duk inda za ta iya zama, domin yunwar shekara bakwai na zuwa. Ta tafi ƙasar Filistiyawa, ta dawo, sarki ya sa aka mayar mata da gidanta da gonarta har da amfanin shekarun da ba ta nan. Yusufu ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar da dare. Shi kansa Ishaku bai kafe wuri ɗaya ba: an yi masa rigima a kan rijiyar Esek ya matsa, aka yi a kan Sitna ya matsa, sai a Rehobot ya samu sarari. Bulus wani gari da dare aka fitar da shi, a Koranti kuma aka ce masa kada ya ji tsoro, ya zauna shekara ɗaya da wata shida.

Saboda haka buɗe Littafi a ga inda ido ya faɗa ba zai raba maka gardamar nan ba, domin duka biyun suna ciki. Ba zama ne bangaskiya ba, ba tashi ne rashinta ba. Ana iya zama don tsoron bakin mutane, ana iya tashi don biyayya, haka kuma akasin haka.

Amma ga abin da ya tsaya mini. Ka ba mu labarin kwano da benci da ƙusa dalla-dalla, matarka kuwa sau ɗaya ta fito, shi ma don a ambaci wanta. Ita me ta ce? Kuma hidimar asibitin da ka wuce a gurguje, ta wace ce?

Manomi, Hinna:

Maganar taki da Malam ya yi gaskiya ce. Ni buhu arba'in na samu, da na cire taki da maganin feshi da 'yan ƙodago da mai casa, ko kuɗin makarantar yara bai fita ba. Masu sayen kaya su zo har gona su yanka maka farashi, kai kuma mai bashi na tsaye a ƙofa. Ana murna a birni abinci ya yi sauƙi, ba wanda ya tambayi manomi. In haka za a ci gaba, baɗi da yawa ba za su yi shinkafa ba. Malam ka gwada albasa ko kankana, ba sa shan ruwa kamar shinkafa.

Wata 'yar'uwa, Billiri:

Malam, na gane ka, amma ba zan faɗi suna ba. Ka gafarta mini, shawara ba ta yiwuwa da rabin magana. Madam tana nan Billiri gidan iyayenta tun watan goma, da yarinyarku mai sikila. Ina ganinta a Zumuntar Mata, ta rame. Ban faɗa don in tona maka asiri ba.

Mai neman shawara:

To, tunda an faɗa. Amma ina so a fahimta, ba yaji ta yi ba, kuma ba faɗa muka yi ba. Ni da kaina na sa ta a mota. 'Yarmu ta biyu, shekararta shida, tana da sikila. A watan tara ciwon ya tashi mata da ƙarfe ɗaya na dare, ga ruwan sama, burjin ya cika da laka, ba mai mashin da ya yarda ya fita. Sai da asuba muka kai ta Gombe, aka yi mata ƙarin jini, muka yi kwana tara. Tun daga ranar maman yara ta ce ba za ta ƙara kwana da yarinyar a ƙauyen ba. Ban ga laifinta ba. Na ce ta je gida ta huta kafin abubuwa su daidaita.

Ban sa wannan a rubutun farko ba domin na san da na faɗa, kowa zai ce in tashi, a bar ainihin tambayata. Tambayata ta ruhaniya ce. Kuma ba a ce na yi watsi da iyalina ba. Duk wata ina aika musu masara, duk sati biyu ina zuwa in na samu kuɗin mota. Lokacin da muka yi aure ba a matsa wa mutane gwajin jini kamar yanzu ba, ba mu san dukanmu AS ba ne, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila. Ita ta san mai bishara ta aura, kuma shekara takwas ba ta taɓa yin gunaguni ba. Ra'ayinta a kan Mararaba kuwa, ai wanta ne ya samo aikin, kun san inda ta karkata.

Anti Nas, Bolari:

Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in yi magana a kan yarinyar kawai. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon sikila su ne zazzaɓin cizon sauro, sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki. Ƙauyen da ke kusa da dam da fadamar shinkafa sauro ba ya ƙarewa a cikinsa rani da damina, ga hunturun da muke ciki. Tana bukatar gidan sauro, folic acid kullum, maganin rigakafin zazzaɓi, shan ruwa da yawa, da zuwa asibiti a kai a kai ko tana lafiya. Akwai wani magani, hydroxyurea, da ke rage yawan tashin ciwon, amma sai likita ya rubuta yana kuma duba jininta. In zazzaɓi ya kama ta, ko numfashi ya yi wuya, ko ta yi fari fat, ba a jiran gari ya waye. Madam ba rashin bangaskiya ta nuna ba, abin da kowace uwa za ta yi ta yi.

Kuma ku sani, tunda ku biyu AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila. Ku zauna da likita a kan wannan.

Sai dai ban ga abin da ya sa zaɓin ya zama ko ƙauye ko Mararaba ba. Daga Dadin Kowa zuwa Gombe bai kai kilomita 40 ba, kuma asibitin koyarwa na tarayya yana nan cikin gari. Daga Gombe zuwa Mararaba kuwa sai ka bi Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi, yini guda a mota. In ka tafi can ka bar su a Billiri, ka ƙara nisa da ita ne.

Matashi, Yalanguruza:

Abin da nake shirin faɗa ke nan. Baba Malam ku kama ɗaki a Gombe, ku nemi koyarwa a makarantar kuɗi da NCE ɗinku ko ku karɓi keke napep kuna biyan balas, ranar Asabar ku tafi ƙauye ku yi sujada ku dawo Litinin. Bulus ma ɗinkin tanti yake yi da Akila yana wa'azi.

Baba Dattijo, Kaltungo:

Na ji labarin yarinya, Ubangiji ya taɓa ta. Amma ku bar ruɗa yaron nan. Wa ya ce muku a Mararaba ba a ciwo? Ni na binne ɗa a ƙauye ina bakin aikin Ubangiji, ban tashi ba, kuma yau sauran shidan duk sun zama mutane. Shaiɗan ya san inda zai taɓa mutum, ta wurin abin da ya fi ƙauna yake biyowa. Mace kuma wurin mijinta take. Ɗana, ka je Billiri ka ɗauko iyalinka, ka kira dattawa su shafa wa yarinya mai su yi addu'a kamar yadda Yakubu 5 ta ce. Makiyayin ƙarshen mako ba makiyayi ba ne. In wani ya mutu ranar Laraba wa zai tsaya? Malama, kin iya jera ayoyi, amma yawancin waɗanda kika lissafa, an yi musu magana ne kafin su tashi. Wanda bai ji murya ba, ya tsaya inda aka ajiye shi na ƙarshe. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maman Godiya:

Baba, kun binne ɗa, sai a ce shi ma ya binne? Maman yaron naku kun taɓa tambayarta yadda ta ji? Ni na san abin da matan masu bishara suke haɗiyewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rabaran mai ritaya, Kumo:

Malam, ba kai ka tura kanka ƙauyen ba, ikilisiya ce ta tura ka. A Ayyukan Manzanni 13 ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi ta sallami Barnaba da Shawulu, ba su tashi su kaɗai ba. Ka rubuta takarda zuwa gunduma, ba maganar baka ba, ka haɗa da takardun asibiti, ka je tare da matarka. Ka roƙi ɗaya cikin uku: a biya ka bashin alawus, ko a canza maka wuri kusa da asibiti, ko a ba ka hutun shekara guda a tura ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki ya riƙe wurin. Amsar da za su ba ka ita ma hanya ce da Ubangiji yake magana. Kada ka sulale da dare, kada kuma ka zauna kana cin wuya shiru.

Mai neman shawara:

Baba Rabaran, na gode. Na taɓa yi wa sakatare maganar a wajen wani taro, ya ce in yi haƙuri. Kun san yadda abin yake, wanda ya nemi canji da kansa sai a riƙa yi masa kallon mai son birni, kuma takarda takan yi wata shida ba amsa, ni kuwa kwana goma sha ɗaya ya rage mini. Zancen zama a Gombe kuma, da wane kuɗi zan kama ɗaki? Makarantun kuɗi nawa suke biya, ai wasu ko rabin mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in ba sa bayarwa. Keke ban iya ba. Kuma a wannan ɗaya na yarda da Baba Dattijo, mutanena sababbin bi ne, akwai waɗanda danginsu ke jira su ga na ɗaga ƙafa. Ɗalibi bai san gidan kowa ba.

Anti Nas, na ji, gidan sauro tana da shi.

Malama, Federal Low-cost:

Malam, duk ƙofar da aka nuna maka ka rufe ta, sai biyun da ka zo da su. Ka tuna Irmiya 42 da 43. Sauran mutanen Yahuza suka roƙi annabi ya tambayar musu Ubangiji, suka yi alkawari za su bi ko mai daɗi ko marar daɗi. Bayan kwana goma amsa ta zo, suka ce ƙarya yake yi, domin tun kafin su tambaya zuciyarsu ta riga ta kama hanya. Ba ina cewa amsarka irin tasu ce ba. Ina tambaya ne tsakaninka da Allah: akwai abin da ka riga ka yanke, kake neman wanda zai sa maka hannu? Kuma har yanzu ba ka gaya mana abin da matarka ta ce da bakinta ba. Ka gaya mana inda kake zaton ta karkata.

Mai neman shawara:

Malama, ban yanke komai ba. Gaskiya ne wan matata ya turo mini dubu ashirin na mota, amma magani na saya wa yarinya da su, kuma ban yi masa alkawari ba. Shekaranjiya wani dattijonmu ya ba ni aron fili a fadama ya ce in yi rani, in biya bayan girbi. Jiya na jiƙa irin shinkafa. Shi ma wan matata ban ce masa a'a ba tukuna. Maman yara kuma ba mu zauna a kan maganar ba sosai, duk lokacin da na ɗauko ta a waya sai ta yi shiru ko ta fara kuka, ni kuma ba na son in ƙara mata damuwa. Ranar Asabar zan je Billiri in na samu na mota. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Baba Dattijo, Kaltungo:

Madalla. Iri ya shiga ruwa, magana ta ƙare. Ishaku ke nan.

Maman Godiya:

Ba ta ƙare ba, Baba, fetur ɗin injin wa zai saya, mai taki kuma wa zai biya shi? Malam, in ka sauka Gombe ranar Asabar ka ce wa admin ya haɗa mu, zan cika maka kuɗin motar Billiri. Ka zauna ka bar ta ta yi magana har ta gama, ko da kuka ne.

Ɗan Billiri a Mararaba:

Malam in dai ba za ka zo ba ka sanar da wuri, ina da ƙane da ya gama hidimar ƙasa yana zaune, ko za a ba shi aikin siton.